Shawara kan ɗaura kwampreso a jikin mota mai shiga yashi

Mai Hilux: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina son a ɗaura wa Hilux kwampreso, wato injin hura iska, na dindindin, domin a sauke iskar taya idan an shiga yashi, a mayar da ita idan an hau burji. Taya 265/75R16 ce, batir ɗaya, 12V. Wanne zan saya, kuma a ina ya dace a ɗaura shi?

Direban Dirku: Wa alaikumus salam. Ga mai bin hanyar Agadas zuwa Dirku, abin dubawa na farko shi ne tsawon lokacin da kwampreso zai yi aiki bai huta ba. Viair 400C kashi 33 cikin ɗari ne, wato minti 10 na aiki, minti 20 na hutu. ARB mai kai ɗaya, CKMA12, kashi 50 ne. Mai kai biyun, CKMTA12, ba ya buƙatar hutu, kuma yana ba da kimanin lita 174 a minti idan babu nauyi a kansa. Mota ɗaya, mai kai ɗaya ya isa. In ayari ne na mota uku ko huɗu duk suna jiranka, sayi mai kai biyu. A yashi mai laushi ana sauka zuwa bar 1.2, a naku lissafin psi 17 ko 18.

Mai Riwaya: Alhaji, kafin ka biya kuɗi ka san wutar da abin yake ja. Mai kai biyun nan yana kai ampa 50 idan yana cika taya, shi ya sa wayarsa ke zuwa da fis biyu, kowanne ampa 40. Yawancin kwampreson da ake kawowa wai ya ƙone, wayarsa ce ta kashe shi. Misali an ɗaura shi a bodi, nisan mita 5 daga batir, zuwa da dawowa mita 10 ke nan. Waya mai kaurin 2.5mm² za ta cinye volt 3.5 a hanya, injin ya riƙa nishi, robar wayar ta yi laushi har ta narke. Mai 10mm² ba ta kai volt 1 ba, mai 16mm² kusan rabin volt. Don haka a bodi 16, a ƙarƙashin bonet 10 ta wadatar. Kuma jan ƙarfe zalla, ka kankare bakin wayar da wuƙa ka gani, domin kasuwa cike take da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama.

Fis a kusa da kan batir yake zama, bai wuce taƙi ɗaya ba. In ka sa shi can kusa da kwampreso, duk tsawon wayar ba ta da kariya ranar da ta goge da shasi. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Mai Hilux: Oga, makunnin cikin mota fa? Kai tsaye za a ja masa?

Mai Riwaya: A'a, ko kusa. Ta rile za a bi, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sa shi ya saki babba. Ƙafarsa ta 30 daga fis, ta 87 zuwa kwampreso, ta 86 daga makunninka bayan ta ratsa makunnin matsin iska, ta 85 zuwa as, wato layin negatif. Wutar makunnin a ɗauko ta daga layin da sai an murɗa ki yake kawowa. In ba haka ba, iska ta ɗan zube cikin dare, kwampreso ya tashi da kansa, gari ya waye batir ya mutu. As kuma a mayar da shi kan batir, ko a kankare fentin shasi sai ƙarfe ya fito fes. Kada a kunna kwampreson sai inji na aiki.

Baba Makanike: Yaro ya yi bayani. Ni wurin ɗaurawa zan yi magana. Ƙarƙashin bonet ya fi sauƙin waya, amma a zafin watan Afrilu ga zafin inji, makarin zafi na cikin kwampreso zai riƙa yanke shi kafin ka gama taya ta uku. In dole nan ne, to nesa da salansa da turbo. Ƙarƙashin kujera ko bayanta ya fi sanyi da tsabta, sai dai ƙara, kuma a bar masa fili, don kansa yana zafin da zai ƙona hannu. Ƙarƙashin mota kuwa ban yarda da shi ba, ga ƙura ga ruwan damina.

Matatar iskarsa ita ce ransa. A ja ta da tiyo zuwa wuri mai tsayi, bakinta na kallon ƙasa. Ƙurar hunturu in ta shiga, zoben fistin take ci, sai ka ji yana ta ƙara amma gej ba ya hawa. Farantin da za a ɗaura shi a kai kuma mai kaurin milimita 3 aƙalla, da robobi a ƙafafunsa, da noti mai roba a ciki, don gargadar burji tana kwance na gama-gari.

Mai Faci: Baba, a ƙara da tiyo. Wanda zai fito daga kan kwampreso sai mai saƙar ƙarfe, kamar rabin mita, da bawul mai hana iska komawa. Na roba in ya taɓa kan nan narkewa yake. A kula da zaren haɗi, NPT daban BSP daban. Suna shiga juna zagaye biyu ko uku, mutum ya ɗauka ya kama, ya ɗaure da ƙarfi ya tsaga. Farin tef ɗin da ake naɗa wa zare kada ya kai zare na farko, guntunsa na maƙalewa a bawul. In an gama a cika, a shafa ruwan omo a kowace mahaɗa a duba kumfa.

Mai Hilux: Tanki fa, dole ne?

Mai Faci: Ba dole ba. Tankin lita 9 ko 10 iskarsa ba ta wuce cika taya ɗaya irin taka ba, sauran ukun kwampreso ne zai yi. Amfaninsa ranar da taya ta zame daga rim, abin da ke faruwa in an sauka ƙasa da psi 12 aka yi kwana da gudu. A ɗaga motar, a share yashin bakin rim, a cire ƙwayar bawul, a zuba iska lokaci guda. Kada a wuce psi 40, hannu kuma nesa da bakin rim. Dabarar fetur da ashana a bar ta.

Baba Makanike: In za ka sa tanki, kada mai walda ya haɗa maka daga tukunyar gas ko ta kashe gobara. Nemi tankin birkin iska na babbar mota wanda bai yi tsatsa ba, akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A sa makunnin matsi mai tashi a psi 110 ya yanke a 145, bawul na tsira psi 175, da magudana a ƙasa, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa bayan kowace tafiya.

Direban Dirku: Tiyon cikawa ya kai mita 6 ko 7 don ya isa kowace taya. Gej na hannu daban, kuma a karanta shi bayan an tsayar da iska, don yana nuna fiye da gaskiya lokacin da take shiga. Fis biyu, rile ɗaya da ƙwayoyin bawul su zauna a aljihun gaba, tare da famfon ƙafa a bayan kujera.