Kalmar "tenor" ta hana ni ci gaba da fassara

Assalamu alaikum malamai, don Allah ku taimaka mini. Ina fassara wani rubutu zuwa Hausa, sai wannan kalma ta cije. A farko an kira Luciano Pavarotti, mawaƙin Italiya da ya rasu a 2007, da ita, wato namiji mai muryar da ke tashi sama. Na so in ce "mai zaƙin murya", amma ai wannan yabo ne, ba rukunin murya ba.

Can ƙasa kuma an yi amfani da ita kan jawabin wani shugaba, ana nufin inda maganarsa ta dosa. "Salo" bai gamsar da ni ba, "manufa" kuma ta yi nauyi. Ko "alƙibla" za ta dace? Gobe zan miƙa aikin.