Wace kalma za mu ba "ƙiƙiriƙi" da 'yan uwanta?

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, kuma tun farkon zangon nan nake haɗa 'yan gajerun waƙoƙi na kukan dabbobi, irin waɗanda malami zai karanta da ƙarfi yara su amsa. Da na zo rubuta bayani ga malaman da za su yi amfani da su, sai na tsaya cak a kan kalma ɗaya: onomatopoeia.

Kalmar Girkanci ce Turawa suka ara. Onoma suna ke nan, ragowar kuma daga aikatau mai nufin yi ko ƙirƙira. Ana nufin kalmar da in ka furta ta, kunne zai ji ƙarar abin da take nufi: mee na akuya, miyau na kyanwa, tim na abin da ya faɗi, tsundum na dutse cikin rijiya. Yaro ɗan shekara 6 ba zai iya furta wannan doguwar kalma ba, kuma babu dalilin da zai sa a ɗora masa ita, tunda abin da take nufi yana bakinsa tun kafin ya iya tafiya.

Abin da ya tayar min da maganar shi ne wata safiya muna cikin aji, zakaran maƙwabta ya yi cara ta bayan katanga. Na tambayi yaran me zakara ya ce. Wata yarinya ta ɗaga hannu da zumuɗi ta rero min na Turanci, wanda ta haddace a makarantar raino, tiryan-tiryan ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce, to a gida fa, me kaka take cewa? Ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Can wani yaro daga baya ya miƙe wuya, ya ce ƙiƙiriƙi! Ajin ya kaure, kowa ya kama. Abin ya tsaya min a rai, domin yarinyar ta san kalmar sarai, ta ɗauka dai ba ta cikin aji ba ce. Abin da aka ba suna a allo shi yaro yake ɗauka ilimi ne.

Amsar farko da kowane malamin Hausa zai ba ni ita ce amsa-kama, kuma yana da hujja, don a nahawun makaranta nan muke zuba su duka. Sai dai amsa-kama ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, cika maƙil, tsayawa cak: duk amsa-kama ne, amma wace ƙara fari yake yi? Ido ne ya ga fat, ba kunne ba. In na ce wa malami "waƙar amsa-kama" zai iya kawo min waƙar launuka, kuma ban isa in ce ya yi kuskure ba. Ɗaki nake nema a cikin gidan amsa-kama, wanda kunne kaɗai ke shiga. Japanawa, da harshensu ya cika da irin waɗannan kalmomi kamar namu, sun raba: giseigo na muryar mai rai, giongo na ƙarar abubuwa, gitaigo na yanayin da ba shi da ƙara.

Na fara da kwaikwayon sauti, wanda shi ne mafi yawan mutane suke faɗa. Bayani ne mai kyau, amma sunan aiki ne. Yaron da ya toshe hanci ya yi kukan jaki har aka waiwaya, kwaikwayon sauti ya yi, kuma abin da ya fito daga bakinsa ba ya rubutuwa. Ƙiƙiriƙi kuwa kalma ce, da baƙaƙenta da wasulanta, har da ƙ mai lanƙwasa da ba kowane harshe ke da ita ba. Shi ya sa zakara ɗaya ne amma yaron Maraɗi da Damagaram yake karanta cocorico a littafin Faransanci, Bajamushe yake cewa kikeriki. Kowa da sautukan harshensa ya kama carar.

Daga nan na koma ga dangin da muke da su: amsa-amo, amsa-kama, amsa-kuwwa. Ƙirar ta zauna a bakin mutane, sabuwar da ta shigo a kanta ba za ta yi baƙunta ba. Amsa-amo da ta fi dacewa, don amo shi ne ainihin abin, amma ta riga ta zama ƙafiya, wato daidaituwar sautin ƙarshen layukan waƙa, kuma a waƙar yara ma aka fi buƙatarta.

Amsa-kuka ta daɗe tana jan raina. Hausa kuka take cewa ga kusan duk dabba: kukan kura, kukan jaki, kukan kurciya da aka ce jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Matsala uku ce. Ba ma sa alamar karin sauti a rubutu, don haka kukan murya da kukar miya kamanninsu ɗaya a allo. Sannan "amsa kuka" tana da ma'anarta mai nauyi, kamar yadda muke roƙon Allah Ya amsa kukanmu. Kuma ƙofa in ta rufe garam ba kuka ta yi ba. Amsa-ƙara ko kaɗan ba ta yi ba, kotu take kai mutum.

Inda na tsaya: amsa-sauti.

Na san za a ce sauti daga Larabci take, kuma masu nazarin harshe suna amfani da ita a tsarin sauti. Ban ga illa ba. Sauti ta zama tamu tuntuni, yara suna jin ta kullum wajen rediyo da waya, kuma ta rufe mai rai da marar rai gaba ɗaya. Tana ɗaukar ɗafi, wato -n a ƙarshenta, ba gardama: amsa-sautin zakara, amsa-sautin ruwan sama.

Abu ɗaya nake roƙo kada a cakuɗa. Cara, haushi, haniniya, gurnani, sunayen kukan ne, amsa-sauti kuwa shi ne kukan da kansa a cikin harafi. Doki yana haniniya, zaki yana gurnani, zakaran da Allah Ya nufa da cara sai ya yi, amma abin da ya ce ƙiƙiriƙi ne. Wani lokaci amsa-sautin yakan daskare ya zama sunan dabbar. Alhudahuda daga hudhud na Larabci yake, tsuntsun Annabi Sulaimanu a Suratun Namli aya ta 20, kuma duk wanda ya ji kukansa ya san inda sunan ya fito. Ni kunnena haka yake jin agwagwa da hankaka ma.

Ga baitukan da muka gwada:

Zakara bisa katanga,
Ƙiƙiriƙi, ku tashi!
Ɗan akuya cikin danga,
Mee, mee, wa ya ɗaure shi?
Kare a ƙofar zaure,
Hau, hau, yana ta haushi!

Ni nake karanta layin farko, su su ɗauki na biyu. Na rubuta amsa-sauti a saman allo, na ce kowa ya zo ya ja layi a ƙarƙashin wanda ya gani. A kan kare aka yi musu, wasu suka dage wau wau ake cewa a gidansu, sai na rubuta duka biyun. Yarinyar nan ce ta karɓi alli ta ja wa ƙiƙiriƙi layi, sannan ta tambaye ni ko "tim" na faɗuwar buhu ma amsa-sauti ne, tunda buhu ba dabba ba ne. Na ce mata e, ta ƙara shi a ƙasa da hannunta.

Malaman Sakkwato, Katsina da Nijar, ku rubuto min yadda ake faɗin na zabuwa da na raƙumi a wajenku, ina so su shiga waƙa ta gaba.