Difenda: ɗan baya ne ko mai tsaron baya?

1/ Jama'a, a taya ni warware wannan batu na ƙwallon ƙafa. Gola mun gama da shi, mai tsaron raga ne. Waɗannan da ke tsaye a gabansa fa, da muke ce wa difenda, wane suna ya fi dacewa da su?

2/ Suna uku nake ji: mai tsaron gida, ɗan baya, mai tsaron baya. Na farkon na cire shi tun yanzu, don da yawa gola suke nufi da shi. Kada kuma wani ya ce a haɗa biyu a yi sulhu, sai mu wayi gari da "mai tsaron bayan gida".

3/ Ɗan baya ya fi sauƙi a baki, ga shi ya jeru da ɗan tsakiya da ɗan gaba. Matsalarsa jam'i. In ka rubuta "'yan baya sun yi sake", mai karatu zai iya ɗauka yaran zamani kake zagi.

4/ Mai tsaron baya kuwa aiki yake faɗa. Ya zauna daram a kan Fabio Cannavaro, wanda tare hanya da ƙwace ƙwallo suka ba shi Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon shekara, a 2006, shekarar da ya ɗaga wa Italiya Kofin Duniya. To amma Roberto Carlos fa? Ko Achraf Hakimi? Mutumin da rabin wasa yana can gaba yana kwararo ƙwallo cikin da'ira, wane baya yake tsarewa? Haka Beckenbauer, da ya ci kyautar a 1972 da 1976: daga baya yake tasowa da ƙwallo ya shirya hari. Kiransa mai tsaro kawai rage masa daraja ne.

5/ Shi ya sa na ce a raba musu aiki. Ɗan wasan baya ya zama sunan gurbi, jam'insa 'yan wasan baya, ruɗani ya kau. Lamba 2 da 3 'yan bayan gefe, lamba 4 da 5 masu tsaron baya.

6/ A ƙwallon kwando kowa na kai hari, kowa na komowa tsaro, don haka can "tsaro" kaɗai ya isa.

7/ Saura wanda ke tsayawa bayan masu tsaron baya yana kwashe abin da ya kuɓuce musu. Na ji ana cewa "mai shara", ni dai bai kwanta min ba. Wa ke da sunan da ya fi?