Abin da manyanmu suka ce kan ɗaukar bayanin mara lafiya

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da sistocin da suka riga mu, don masu shirin fara fostin, wato koyon aiki a asibiti, a Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Gaisuwa dai ita ce farko, ka ce sannu Baba ya jiki, ka faɗi sunanka, ka ja labule, sannan ka tambaya me ke damunka ka yi shiru ya gama, kar ka sa masa magana a baki. In ciwo ne a ji ina yake, yaushe ya fara, yana soka ne ko murɗawa. Inda aka fi daɗewa shi ne maganar kunya, mace ba za ta yi zancen al'ada ko fitsari gaban uwar mijinta ba, sai ka lallaɓa Hajiya ta ɗan jira a waje. Kuma a tambayi jiƙo da sassaƙe da abin da aka siyo a kemis ba tare da an yi musu faɗa ba, in ka ɗaure fuska wallahi ɓoyewa za su yi.

Bugun jini na babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, shi numfashin a ƙirga hannu na kan jijiya kamar ba a gama ƙirga bugun jinin ba, don in ya sani zai canja. In cikin mara lafiya za a duba kuwa, a saurara da abin awo na kunne kafin a danna. Wata ta ce a rubuta bayanin nan take, ni ma haka nake gani, don wod ɗinmu, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, cika yake.