Neman shawara: gidan kula da tsofaffi sun taƙaita mana ganin Hajiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. A Ingila muke zaune. Mahaifiyarmu na fama da ciwon mantuwa ga shanyewar ɓarin jiki, mun yi jinyarta a gida har abin ya fi ƙarfinmu, sai da injin ɗagawa ake tada ta daga gado, shi ne aka kai ta gidan kula da tsofaffi nan kusa da mu. Da kullum in na taso aiki nake zuwa da kunun gyaɗa a filas in ba ta da cokali, don in ba ni ko ƙanwata ba wlh ba ta buɗe baki, turancin ma ya ɓace mata gaba ɗaya Hausa kawai take ji yanzu. To kwanakin baya amai da gudawa ya ɓarke a gidan suka rufe ziyara, muka ce ba komai. Ciwo ya wuce amma har yau sai an yi bukin, sau ɗaya a sati, rabin awa, a falon ƙasa, ba shiga ɗakinta. Kuma ina zargin tun da na yi ƙorafi na same ta cikin jiƙaƙƙen zani manajar ta sa min ido. Zuwana na ƙarshe leɓenta ya bushe har ya tsage, zoben hannunta sai juyawa yake a yatsa. Ina tsoron in ɗaga murya su ce mu kwashe ta. Ya zan yi?

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Masu sani ku zo dan Allah.

Baban Khalifa: Ni dai gaskiya ɗaya ce, tun farko me ya kai ku? Uwa fa! A mayar da ita gida Najeriya cikin dangi kawai.

Maman Hanif: Haba Baban Khalifa, wanda bai taɓa juya babban mutum a gado ƙarfe uku na dare ba sannan ya fita aiki da asuba bai san abin da take faɗa ba. Shawara ta nema ba faɗa ba.

Anti Nas: 'Yar uwa share hawayenki, aikin da nake yi kenan a nan. Abin da suke miki ba alfarma ba ce da za su ba ki in sun ga dama, haƙƙin Hajiya ne kuma yanzu doka ce. Tun 6 ga Afrilu 2024 aka ƙara sashe na 9A cikin ƙa'idojin da hukumar CQC ke duba gidajen nan da su, ya shafi gidajen kula da tsofaffi da asibitoci duka a Ingila. Abin da ya ce a taƙaice: dole a sauƙaƙa wa mazaunin gida karɓar baƙinsa, ba a hanawa sai da wani dalili na musamman, kuma ko da dalilin ya zo ana so a duba halin kowane mutum shi kaɗai a ɗauki matakin da ya fi sauƙi, ba a yi wa kowa kuɗin goro ba. Ko lokacin ɓarkewar ciwon ma ai akwai safar hannu da wanke hannu, ba sai an kulle ƙofa ba, balle yanzu da ya wuce.

Ki daina magana da baki a bakin ƙofa, ba ta da shaida. Ki tura wa manaja imel cikin ladabi, ki ce su rubuto miki dalilin taƙaita ziyarar da ranar da za su sake dubawa, ki ambaci sashen nan da lambarsa. Ki roƙi a nuna miki takardar awon nauyinta da ta abin da take ci da sha, muna rubutawa ai, sannan a sa cikin tsarin kulawarta cewa ke ce mai ba ta abinci kuma ke ce tafintarta. Leɓen nan da ya tsage shi ya fi tada min hankali, alamar ƙarancin ruwa ce, ki ce likitan gidan ya gan ta cikin satin nan, kar ki jira rigimar ziyara ta ƙare.

Mai tambaya: Anti na gode sosai. To in suka yi banza da imel ɗin fa? Kuma maganar kora?

Anti Nas: Sai ki shigar da ƙorafi a hukumance ta tsarin gidan, in gidan na kamfani ne ki sa babban ofishinsu a ciki. CQC ki sanar da su ta shafinsu amma ki sani ba sa bin ƙorafin mutum ɗaya su warware, tarawa suke su yi amfani da shi wajen bincike. Mai sauraron ƙorafi shi ne ofishin Ombudusman na ƙananan hukumomi da kula da jama'a, bayan kin gama da matakin gidan, ko ku ke biyan kuɗin ko kansil. Jiƙaƙƙen zani da ramewa kuwa sashen kare manya masu rauni na kansil ɗinku za ki kira, yau ma za ki iya. Kora kuma ba zan miki ƙarya ba tana faruwa, amma ba su da hurumin korar mutum don danginsa sun yi ƙorafi, shi ya sa nake ta cewa komai a rubuce. Ki ɗauko kwantiragin ki karanta wurin notis.

Ɗan Katsina a Gilasgo: Ƙari a kan na Anti, kar ki tsaya ke kaɗai. Dokar nan ba daga sama ta faɗo ba. Da aka rufe gidajen a Maris 2020 saboda korona mutane ta taga suke ganin iyayensu, wasu har suka rasu ba a riƙe hannunsu ba, shi ne wasu mata biyu Jenny Morrison da Diane Mayhew suka kafa Rights for Residents, daga baya ta haɗe da wata ƙungiya suka zama Care Rights UK, suna da layin ba da shawara kyauta, ki kira su. Akwai John's Campaign ma tun 2014, su kan masu ciwon mantuwa suka fi ƙarfi. Mu nan Sukotlan tamu daban ce, Dokar Anne ake ce mata, sunan wata Anne Duke da 'yarta ta yi ta fafutuka, sai 2025 majalisa ta amince. Kuma har yanzu na Ingila ba su gamsu ba, so suke doka ta ba kowa damar zaɓar mutum ɗaya nasa da ba mai hana shi shiga.

Hajiya Babba: 'Yata in kin je ranar bukin ki tsaya a wurin ajiye motoci ki gaisa da sauran masu zuwa, Turawa ne ko Indiyawa, ki karɓi lambarsu. Iyali biyar su sa hannu a takarda ɗaya manaja ba za ta ce ke ce fitinanniya ba. Ki rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarku ma. Amma yaran da ke mata wanka ki riƙa sakar musu fuska, ba su suka kafa dokar taƙaita ziyarar ba, da yawansu ma 'yan uwanmu ne baƙi.

Mai tambaya: Na tura imel ɗin yanzu, na kira kansil sun ce za su neme ni. Sai dai ƙanwata ta tuna min ba mu taɓa yin takardar wakilcin nan ta lafiya ba, wadda ke ba mu ikon yanke shawara a madadinta, tun Hajiya na cikin hayyacinta, ko hakan zai sa su ƙi nuna min takardun?

Anti Nas: Za su iya kawo wannan kan takardu, amma bai shafi ziyara ba ko kaɗan, kuma dole su ji ta bakinki in za a yanke abin da ya fi mata. Turo min saƙo ta ciki bayan isha, ina dutin rana.