Miliyan uku da rabi ne jarina: Balogun zan fara sari ko in yi odar Turkiyya?

Maman Afnan (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar. Na kama ɗan shago a Agege, na biya hayar shekara, kafinta ya gama kanta da wurin rataye. Abin da ya rage a hannuna naira miliyan uku da rabi ne, kuɗin adashi da na gadona, babu wani a bayansu. Ɗinkakkun kayan mata nake son sayarwa: abaya, dogayen riguna, mayafai, sai ɗan kayan yara. Ba na son atamfa da leshi yanzu, don a layinmu mutum uku ke sayar da su. Saura wata biyu azumi. In shiga kasuwar Balogun ta nan Legas in saro kaɗan-kaɗan, ko in ba wata mai zuwa Turkiyya kuɗin ta haɗo min? Kuma kowane samfuri guda nawa ake ɗauka a farko, wace lamba ta fi fita? Ina da goyo, ba zan iya doguwar tafiya ba.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki hau mota ki zo Kano kawai. Kantin Kwari ta fi ko'ina sauƙin atamfa da shadda, har 'yan Nijar da Chadi nan suke sari. Ki ɗauki turmi ɗari ki gwada.

Ummu Sadik (Idi-Araba):
Malam, ta ce ba ta son atamfa, kuma tana da goyo. A riƙa karantawa dai.

Maman Afnan, Allah ya sa albarka. Ni abaya da mayafi nake sayarwa, kuma a Balogun na fara. Kada ki kashe kuɗin nan duka a sari ɗaya, ko da kin ga kayan da suka tafi da hankalinki. Ki shiga da rabi, ki ɓoye rabi. Sarin farko tambaya ce kike yi wa matan unguwarku, sari na biyu shi ne kasuwanci, don lokacin kin ji amsarsu. In babu kuɗi a hannunki ranar da aka ce "Anti wannan baƙar mai dutse a hannu ta ƙare?" to kin yi asarar cinikin da ya zo har ƙofa.

Batun lamba: abaya da tsawo ake auna ta, daga 52 zuwa 60. A wajena 56 da 58 su ne masu gudu, 54 na bi musu, 52 da 60 kuwa ɗai-ɗai nake ɗauka. Kowane samfuri kada ki wuce uku ko huɗu a farko. Gara samfuri goma sha biyar kowanne uku da samfuri uku kowanne goma sha biyar, domin mace ba ta son ta je biki ta tarar da maƙwabciyarta sanye da irin rigarta. Kayan China kuma ki tafi da tef ɗinki, abin da suka rubuta XL sau da yawa ba ya shiga matanmu. Ki juya rigar ciki, ki ja ɗinkin hammata da hannu biyu, ki ɗaga ta sama ki ga ko haske na ratsa ta. Zif ma ki zuge shi sama da ƙasa kafin a sa a leda.

Anti Larai:
'Yata, ki ji tsoron Allah ki ji tsoron kalmar nan "ta haɗo min". Ni ce shaida.

A watan Janairun 2024 na ba wata mata kuɗi, ba baƙuwa ba ce, tare muke zuwa Islamiyya, na san gidanta na san mijinta. Ta turo min hotuna a WhatsApp daga Laleli can Istanbul, riguna masu kyau, na zaɓa, na tura mata miliyan huɗu. Ta ce sati uku kaya na hannuna. Sati uku ya wuce, sai ta kira wai dala ta tashi, kuɗin kago ya ƙaru, in ciko. Kun dai tuna lokacin, dalar da take wajen 460 a banki kafin Yunin 2023 ta haura 1,500. Na ciko. Sai kuma wai kaya sun maƙale wajen kwastam, a kawo na fito da su. Na sayar da sarƙata na kawo. Azumi ya kama, mata na shigowa shagona suna tambaya, ina cewa gobe, jibi. Aka yi Sallah a watan Afrilu kantata fayau.

Kwana goma sha biyu bayan Sallah kaya suka iso. Da na yanka ledar sai na zauna a ƙasa. Ashe lokacin da ta je hunturu ake yi a can, abin da ke kasuwa kayan sanyi ne, yadi mai kauri kamar bargo, wasu har da shafi a ciki. A Legas! Wa zai sa wannan ya shiga danfo? A hoto ba a ganin nauyin yadi. Ga shi kuma su Turkawa jeri suke sayarwa, samfuri ɗaya dole ki ɗauki lambobinsa gaba ɗaya, daga ƙarama har babba. Ƙananan nan 38 da 40 har yau suna sito. Damina ta zo, danshi ya kama su, jakunkunan da ta cusa min ba tare da na ce ina so ba suka fara ɓare fata suna zuba kamar garin gawayi.

Da na yi magana sai ta ce ai ita taimakona ta yi, ko la'ada ba ta ci ba. Aka kai maganar gaban malaminmu, aka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Na karyar da abin da ya karyu, ko rabin uwar kuɗi ban mayar ba. Ita kuwa ta sake tafiya bayan Babbar Sallah. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Maman Afnan (Agege):
Innalillahi. Anti Allah ya mayar miki da alheri. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Zee Collections:
Allah ya mayar Anti. Amma don Allah kada a ce duk masu zuwa haka suke. Ni ban taɓa taka Turkiyya ba, kuma oda nake yi. Bambancin shi ne ba na tura kuɗi duka. Kafin alƙalami nake bayarwa, a kira ni ta bidiyo a cikin shagon, a murza yadin a gabana, a gaya min kilo nawa kayan za su yi tun kafin a ɗaure. Kago da kilo ake biya, riga mai nauyi ta ci ribarta tun a jirgi. Maman Afnan ki buɗe Instagram tun yau, ki fara sa hoto, abin da aka fi tambaya shi za ki saro.

Hajiya Mai Gwanjo (Abule Egba):
Duk wannan wahala ce. Da kuɗin nan ki zo kasuwar gwanjo ta Katangowa ki fasa dila mai lamba ɗaya, ki wanke ki goge ki rataye. Wasu manyan shagunan da kuke gani a Ikeja haka suke yi, ba sa faɗa ne kawai.

Ummu Sadik (Idi-Araba):
Hajiya, kayan Sallah fa take magana. Wa zai yi wa 'yarsa kayan Sallah da gwanjo a shagon da aka buɗe jiya?

Maman Afnan (Agege):
Anti Ummu, nawa ake sarin abaya yanzu a Balogun? Don in yi lissafi.

Ummu Sadik (Idi-Araba):
Sarina na ƙarshe mai matsakaicin kyau dubu goma sha takwas na ɗauka, mai dutse ashirin da biyar.

Zee Collections:
Kai Anti, an ɗora miki. Dubu goma sha uku na ɗauko satin da ya wuce.

Bilkisu Mile 12:
Sha uku? Sai dai in ɗinkin nan ne aka liƙa masa takardar Dubai. Ni ƙasa da talatin ban ga ta kirki ba, kuma jiya-jiyan nan na dawo daga Balogun ɗin. Ranar ma da safe aka ce min wani kuɗi, da na zagayo da la'asar an ƙara dubu biyu wai dala ta motsa.

Zee Collections:
Ba ɗinkin nan ba ne. A bene na uku nake saye, wurin masu sito. Ku kuna tsayawa a ƙasa, yaran nan masu riƙe hannu su ja ku shagon wani, su ɗora nasu a kai. Duk wanda ya tare ki a bakin Idumota, kusa da Balogun, yana "Hajiya me kike so", kuɗinsa na cikin abin da za ki biya.

Alhaji Sani Mai Shadda:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ni tun kafin a haifi wasunku nake sayar da yadi a Legas, gobarar Balogun ta 2019 a idona aka yi ta. Yaran yanzu kowa ya sayar da riga biyar a waya sai ya zama malamin kasuwa. Maman Afnan, ki saurari wanda yake biyan haya, ba wanda shagonsa ke cikin aljihu ba.

Abin da zan ce miki shi ne kuɗin saye ba shi ne kuɗin kaya ba. Ki sayi littafi. Rigar da kika saro, ki ɗora mata kuɗin motarki, da na ɗan dako, da leda, da abin ratayewa, da rabonta na haya da wuta, sannan ki san nawa ta tsaya miki. Daga nan ake sa riba. Kuma cikin kowane goma ki ƙaddara biyu za su yi kwantai, ribar takwas ce za ta ɗauke su. Abin da ya yi wata uku bai motsa ba ki karyar da shi ki karɓi kuɗinki, kayan mata yayi ne, ba shadda ba ce da za ta shekara tana jiran mai ita. Ki kama mutum biyu ko uku a kasuwa ki riƙe su da amana, ki riƙa karɓar rasit. Wata rana su za su ba ki kaya ki sayar ki kawo.

Zee Collections:
Baba da girmanka, amma shaddar maza kake sayarwa. Ka taɓa sayar wa budurwa abaya? Mu da shagonmu ke aljihu mu muke sanin abin da ake yayi kafin ya iso kanta. Shekarun kasuwa daban, sanin abin da mata ke so daban.

Alhaji Sani Mai Shadda:
'Yata ina da mata biyu da 'ya'ya mata bakwai. Ni kuwa na san abin da mata ke so, aljihuna ne shaida.

Baban Khalifa:
Alhaji ya gama magana, a tashi taro. Ni dai roƙona Maman Afnan, in kin buɗe kada ki ba uwargidana lambarki. In kuma ta zo ki ce mata duk lambarta ta ƙare har bayan Sallah, ladanki na wajena.

Anti Larai:
Kuna ta dariya. Ni har yanzu in na ga an rubuta Turkiyya gabana faɗuwa yake. Kuma ita Zee da take cewa bidiyo, ni ma ai an kira ni ta bidiyo. An nuna min riga ɗaya, an ɗauro wata.

Ummu Sadik (Idi-Araba):
Mu koma kan tambayarta don Allah. Maman Afnan, tunda a Agege kike, jirgin ƙasan nan ja yana kai ki Oyingbo, daga nan mota ɗaya ce zuwa Idumota. Ki bar goyon wajen wani, ki fita da sassafe. Zuwan farko kada ki sayi komai, ki zaga ki yi ta tambaya kina rubutawa. Kuma ki gama babban sarinki kafin azumi ya kama, don daga tsakiyar azumi kaya na tsada, masu kyau sun ƙare. Goman ƙarshe ɗinkakku ke gudu sosai, lokacin teloli sun daina karɓar ɗinki, duk wadda aka yi wa alƙawarin ƙarya wajenki za ta zo. Kuɗin da kika ɓoye na wannan lokacin ne. Kayan yara ki ba su kaso mai kyau, uwa takan haƙura da nata ta saya wa 'ya'ya.

Bilkisu Mile 12:
Ni wani abu ya tsaya min. Kin ce hayar shekara ɗaya kika biya? A Agege? Wane mai gida ne wannan mai imani? Ni shekara biyu aka ce in kawo, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya, ga wani wai na ɓarna da ba a taɓa mayarwa. Kafin in sa riga ɗaya a shago rabin jarina ya tafi.

Malam Nura:
A doka ba su da wannan ikon. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, in ban da wurare irin su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA da aka cire.

Bilkisu Mile 12:
Malam je ka karanta wa mai gida dokar, kafin ka rufe baki ya ba wani shagon. Kuma da sun ji Hausa a bakinka sai kuɗin ya canza. Ni da ƙawata Bayarabiya muka tambayi shago ɗaya rana ɗaya, abin da aka ce mata daban, nawa daban.

Hajiya Mai Gwanjo (Abule Egba):
Wannan gaskiya ne. Nawa mai gidan da ya ga ana layi a shagona kafin Sallah, wata na zagayowa ya aiko takardar ƙarin haya. Na yi fenti, na sa tayil da kuɗina, yanzu wai ɗansa zai dawo yana son wurin.

Anti Larai:
Ni ma ejan ɗin da ya samo min shagona sau biyu ya karɓi la'ada, wajena da wajen mai gida. Ga masu tikiti kullum da safe, wannan ya tafi wancan ya zo, kowa da kalar takardarsa.

Alhaji Sani Mai Shadda:
Laifinmu ne, ba mu da haɗin kai. Da masu shaguna 'yan Arewa na kowace unguwa za su zauna su tsayar da magana ɗaya, da ba a yi mana haka ba. Na sha faɗa a masallaci.

Zee Collections:
To Baba ka ga amfanin shagon aljihu ke nan, ba ejan ba tikiti.

Maman Afnan (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Bilkisu shagon na ƙanin mijina ne ya bar min ragowar yarjejeniyarsa, shi ya sa. Amma yanzu kun sa ni tunani, sunansa ne a takardar ba nawa ba. Malam Nura hakan zai iya zame min matsala in shekara ta cika? Sannan har yanzu ba a gaya min mayafai dozin nawa zan ɗauka ba.

Ɗan Kwari:
Mayafi ma Kwari ta fi araha Hajiya. Ki turo kuɗin in haɗo miki in sa a mota.

Anti Larai:
Kun ji ko? "In haɗo miki."