Haɗa rediyon mota da wutar gida don saurare a rumfa: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai shayi, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ƙanena da ke harkar kayan mota a kasuwar Ladipo ya ba ni rediyon mota tokumbo mai karɓar filas, tare da sifika biyu. Ina so in kafa shi a rumfata don karatun Alƙur'ani da asuba da labarai da daddare, amma ba ni da mota, kuma ɗaukar batir zuwa wurin caji kullum ba zai yiwu mini ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa haɗa irinsa da wutar gida ya bayyana mana yadda ya yi da abin da ya biyo baya.

Mai gyaran rediyo, Alaba:
Wa alaikumus salam, Malam. Wutar soket a ƙasar nan bolt 230 ce, irin wadda muke kira AC, shi kuwa rediyon mota bolt 12 yake ci na DC, don haka dole a sami na'urar da za ta sauke wutar ta kuma daidaita ta. Wadda na fi haɗa wa mutane ita ce akwatin ƙarfen nan mai huji-huji da ake sa wa kyamarorin tsaro. Abin da za ka duba a jikinsa bayan bolt 12 shi ne amf, wato yawan wutar da zai iya bayarwa. Yawancin rediyon mota fis ɗin amf 10 ne a bayansu, saboda haka ka nemi mai amf 10 ko sama da haka. Yawan amf ba ya ƙona rediyo, domin abin da yake buƙata kaɗai yake ja. Yawan bolt ne ke ƙona shi. Rediyo da dama sun zo teburina a mace saboda an jona su da cajar kwamfutar hannu, wadda galibi bolt 19 take bayarwa. Wasu kuma sun sa ƙaramar adafta mai amf 2, sai rediyon ya kunnu lafiya, amma da an ƙara murya ya ɗauke.

Game da wayoyin rediyon, baƙa ta tafi wurin alamar ragi a jikin akwatin, ja da mai ruwan ɗorawa kuma a haɗe su wuri guda su tafi wurin alamar tarawa. A mota, mai ruwan ɗorawa daga batir take zuwa kai tsaye, jar kuwa daga makulli, kuma idan ɗaya ta rasa wuta rediyon ba zai tashi ba. Kada ka haɗa wata wayar sifika da baƙar waya ko da jikin ƙarfe, kowace sifika ta riƙe wayoyinta biyu.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:
Ni da fawa-fak na tsohuwar kwamfutar tebur, wato akwatin da ke ba ta wuta, na haɗa nawa, kuma a Computer Village ana samunsa da araha. Ba ya tashi da kansa sai an haɗa koriyar wayar da ke cikin babban filoginsa da baƙa. Sai dai a kula da launi: a fawa-fak jar waya bolt 5 ce, bolt 12 yana kan mai ruwan ɗorawa. Wanda ya bi launi ya haɗa ja da ja zai wuni yana zaton rediyon ne ya lalace. Na tara masu ruwan ɗorawa uku wuri guda, baƙaƙe ma uku, domin siririyar waya ɗaya tana zafi idan aka ɗora mata nauyin duka. Kada kowa ya buɗe cikin akwatin ko da an zare shi daga soket, domin yana riƙe wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci.

Direban tirela, Apapa:
Yaya mai gyara, bayaninka daidai ne, amma ni ina ganin an yi saurin raina batir. A inda muke jiran lodi wuta ba ta da tabbas, don haka muka ajiye batirin mota, muka jona masa caja mai tsayawa da kanta idan ya cika, rediyon kuma yana kan batirin da fis kusa da kansa. An kawo wuta ko an ɗauke, sauraro ba ya yankewa. Da muka gwada tsohuwar cajar batir ita kaɗai, wani gunji ya cika sifika, saboda wutarta ba tatacciya ba ce, batirin ne ke tace ta. Rediyo a matsakaiciyar murya bai cika wuce amf 2 zuwa 3 ba, don haka batir mai lamba 60Ah, wato yawan wutar da yake ajiyewa, zai kai wajen awa 10 kafin ya sauka rabi, kuma bai kamata a bar batirin mota ya wuce nan ba. A yi cajin a inda iska ke shiga, nesa da murhun shayi, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Mai kula da masallacin unguwa, Idi-Araba:
Abin da ya fi damuna a wannan magana shi ne ruwa. Damina a Legas doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ko a rani laima ba ta barin ƙarfe ya huta. Mun taɓa kafa irin wannan a farfajiya don tafsirin azumi, aka jawo wuta da doguwar waya mai soket aka ajiye a ƙasa. Ruwa ya sauko da dare ya kwanta, wani yaro ya taka wurin, wuta ta fizge shi. Allah Ya tsare bai ji rauni ba, amma tun ranar muka mayar da rediyon da akwatin wutarsa cikin ɗaki, wayoyin sifika kaɗai ke fita waje. Akwatin ƙarfen da Malam na Alaba ya ambata yana da kyau, sai dai sukurorin da wutar soket ke shiga a fili suke, kuma rumfar shayi wuri ne na jiƙaƙƙen hannu da yara masu aike. Don Allah a sa shi cikin akwatin roba ko katako mai ƙofofin iska, a rataye shi sama.

Uwargida, Mile 12:
Namu yana barandar gida, maigida ne ya sa aka haɗa. Matsalarsa ɗaya, duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka kashe soket, tashoshin da aka ajiye da agogo sukan goge, sai an sake saitawa. Ga mai sauraron filas wannan ba wani abu ba ne, amma Baba da ke bin labarai yana jin haushinsa ƙwarai.

Mai aikin wayarin, Obalende:
Hajiya, wayar nan mai ruwan ɗorawa ce ke riƙe abin da aka ajiye, kuma sai da wuta a kanta dare da rana. Hanyar direban Apapa ce maganin wannan. Ina goyon bayan Malam na Idi-Araba ɗari bisa ɗari. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma ɓangaren soket yana kisa, kuma gidajen haya da yawa da nake shiga ba su da wayar ƙasa ko kaɗan, wato wadda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa. Duk soket da zai kai wuta rumfa ya dace a sa masa birekar da ke yanke wuta idan ta zurara, mai lamba 30mA. Idan nisa ya tilasta, a ƙara tsawon wayar sifika, a bar ta bolt 12 gajera kuma mai kauri, kamar mai kaurin 2.5mm², domin tana rasa ƙarfi a doguwar tafiya. Wasu akwatunan suna da ɗan makunni a gefe mai 110 da 220, a tabbata yana kan 220 kafin a jona. Masu ƙaramin janareta kuma su bari ya tashi ya daidaita kafin su kunna rediyon.

Mai gyaran rediyo, Alaba:
Malam mai shayi, idan nan gaba za ka ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da babbar sifika, akwatin amf 10 ba zai ɗauka ba. Ka duba fis ɗin amfilifayar ka tara da na rediyon, jimillar ita ce amf ɗin da za ka nema, kuma shuɗiyar waya mai ratsin fari a bayan rediyon ita za ka kai wa amfilifayar don ta riƙa tashi tare da shi.